Sabulu, Mai da Inuwa: Yadda Za a Kula da Fata a Nguru da Gashuwa

Duk wanda ya taɓa yin watan Janairu a Nguru ya san gwajin nan ko ba a koya masa ba. Ka ja farce a kan ƙwaurinka da safe, sai farin layi ya fito kamar an zana da alli. Kafin azahar leɓe ya tsage, bayan hannu ya yi furu-furu, dunduniya ta fara faso. Ba a gama jinyar wannan ba sai Afrilu ya shigo, ma'aunin zafi ya haura 40, wuya da gadon baya su cika da ƙurajen zafi. Daga nan damina ta zo a gaggauce, fadama ta cika, zufa ta daina bushewa, ƙyasbi ya samu wurin zama. Fata guda ce ke ɗaukar duk wannan a cikin wata goma sha biyu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ƙanwata da ke karatu a Gashuwa. Ta nuno mini jerin kayan shafa har tara da ta kwafo daga waya, tana so in taya ta lissafin kuɗinsu. Na karanta jerin, sai na ga an tsara shi ne domin mai zama a ɗaki mai na'urar sanyi a garin da iska ke da danshi. Babu ko ɗaya a ciki da ya san hazo, ko ruwan zartsi, ko alwala sau biyar a rana. Na ce mata: “Ƙanwata, ajiye kuɗinki. Abu uku kike buƙata, biyu daga ciki ma suna cikin ɗakin Inna.” Su ne sabulu marar kaifi, da mai, da abin da zai tsaya tsakanin fata da rana. Sanin lokacin amfani da su ya fi tsadarsu muhimmanci, kuma wannan magana ta shafi maza kamar yadda ta shafi mata.

Abin da hunturu ke yi wa fata

Ƙurar da ke sauka mana daga Nuwamba zuwa Maris daga nesa take. Akasarinta tana tasowa ne daga Bodele, wani kwari a arewacin Chadi wanda a zamanin da can gindin wani makeken tafki ne. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi garin busasshen tafkin ta nufo kudu maso yamma. Mu mutanen Machina da Yusufari da Nguru da Gashuwa a bakin ƙofa muke, mu ke fara karɓarta. Iskar a bushe take zuwa ƙarau. Da rana danshin da ke cikinta yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Saman fata kuwa kamar katangar ƙasa yake. Ƙwayoyin fata su ne tubali, wani kitse da jiki ke yi da kansa shi ne lakar da ta riƙe su. Ta cikin katangar nan ruwan jiki ke tsattsafowa dare da rana, kamar yadda randa ke naso. Idan lakar tana nan, nason kaɗan ne. Idan aka wanke ta da sabulu mai ƙarfi da ruwan zafi, sannan aka fita cikin busasshiyar iska, ruwan ya gudu, tubalin ya tattashi, shi ne farin da muke gani a ƙafa. In abin ya ci gaba katangar ta tsage, ƙura da ƙwayoyin cuta su samu hanya, ƙaiƙayi ya fara.

Jiki yana sabunta saman fatar nan cikin kimanin mako huɗu. A riƙe wannan lissafi. Duk man da aka fara shafawa sai an ba shi wata guda zuwa mako shida kafin a yanke masa hukunci, kuma duk wanda ya sauya launin mutum cikin kwana bakwai akwai abin da ke cikinsa da ya kamata a ji tsoro.

Sabulu

Masana suna auna tsamin abu da kanwa-kanwarsa da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, inda 7 ke tsakiya. Lafiyayyar fata tana wajen 5, wato tana da ɗan tsami, kuma tsamin nan na taimaka mata wajen korar cuta. Sabulun sanda na yau da kullum yana tsakanin 9 da 10, a ɓangaren kanwa. Ba sai an je ɗakin gwaji ba kafin a gane wanda ya fi ƙarfin fata. In aka wanke fuska, bayan minti biyar aka ji ta ɗaure tamau kamar fatar kalangu, to sabulun ya kwashe fiye da datti.

A nemi sabulun ruwa na wanke fuska, ko sanda mai laushi irin su Dove, wanda ba shi da ƙamshi mai yawa. Sabulun salo yana da kyau, kuma na san akwai gidajen da ba sa yarda da wani. Da toka da mai ake yin sa, saboda haka yana da kaifi. Ya dace da mai fuskar da ke tsattsafo da maiƙo a lokacin bazara. Ko shi ma kada ya goga sandar kai tsaye a fuska, ya yi kumfa a tafin hannu ya shafa kumfar, ya ɗauraye nan take. A cikin hunturu sau biyu ko uku a mako ya isa.

Garin sabulun wanki da sabulun soda na tufa ne. Na sha ganin samari suna wanka da su bayan sun dawo daga gona ko gareji, kuma hannuwansu su ne shaida. Haka nan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokitin wanka kullum ba shi da amfani ga mai lafiya, sai ƙara bushewa da ƙaiƙayi.

Ruwan wanka ya kasance mai ɗumi, wanda za a iya barin gwiwar hannu a ciki ba tare da an janye ba. Na san daɗin ruwa mai zafi sosai a asubar Disamba, amma yana narkar da kitsen fata kamar yadda yake narkar da maiƙon kwanon miya. Wankan kada ya wuce minti biyar zuwa goma. A sa sabulu a hammata da matsematsi da ƙafa, sauran jiki kumfar da ta gangaro ta wadatar a yawancin kwanaki. Soson raga a rage masa ƙarfi, fuska kuwa ba ta buƙatarsa sam. Inda rijiya ke da zartsi, sabulu ba ya kumfa sosai kuma yana barin wani dafi-dafi a jiki. Ƙara sabulu ba ya gyara wannan, sai dai a ƙara ɗauraya, in da hali a ware kofi guda na ruwan sha domin ɗaurayar fuska ta ƙarshe.

Fuska sau biyu a rana a wanke ta da sabulu in tana da maiƙo. In busasshiya ce, sau ɗaya da dare, da safe ruwa zalla.

Mai, da lokacin shafa shi

A nan ne akasarinmu muke asarar kuɗi da wahala. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, wanda ya tarar a cikinta yake tsarewa. Mutum ya yi wanka, ya goge jikinsa ƙarau, ya zauna ya sha koko, ya yi waya, bayan rabin awa ya ɗauko basilin ya mulke busasshiyar fata. Zai yi ƙyalli, amma kafin hantsi ƙafar ta koma fari a ƙarƙashin maiƙon, ga ƙura ta manne. Ya rufe randa bayan ruwan ya tsiyaye.

Ga yadda ake yi. Da an fito wanka a dangwala tawul a jiki, kada a dirje, a bar sauran danshi. Cikin minti uku a shafa man, tun a cikin ɗaki kafin iska ta taɓa jiki. A fara da ƙwauri da dunduniya da gwiwa da gwiwar hannu, domin su ne masu ƙarancin maiƙon kansu. Wanda ya gyara wannan kaɗai, da man da yake da shi tun da, zai ga bambanci cikin mako guda.

Man shafawa aiki iri uku yake yi, kuma sanin su na hana a yaudari mutum a kanti.

Akwai mai jawo ruwa zuwa saman fata, babbansu gilisarin, wanda ake samu a kemis da araha. Shi kaɗai a kan busasshiyar fata yana danƙo, wani lokaci har da zafi-zafi, kuma a iskar da ba ta da danshi ba ya riƙe abin da ya jawo. A ɗiga biyu ko uku a jiƙaƙƙen tafin hannu, a shafa, sannan a bi shi da abin da zai rufe.

Akwai mai cike tsagar da ke tsakanin tubalin, ya sa laushi. Man kaɗanya ne sarkinsu. Bishiyar ba ta cika yi a yashinmu ba, daga jihohin Neja da Kwara da Kebbi ake kawo mana shi. Mai kyau launinsa tsakanin fari da rawaya yake, yana da ƙamshin ƙwara da ɗan hayaƙi, yana narkewa da ɗumin tafin hannu ba tare da tsakuwa-tsakuwa ba. In ya fara wari ya lalace, a bar shi. A ajiye shi a rufe a inuwa. Amma muna da namu na gida wanda muka raina, wato man aduwa. Aduwa tana ko'ina a dajinmu, yara suna tsotse 'ya'yanta su yar da ƙwallon, alhali ƙwarar da ke cikin ƙwallon nan cike take da mai. Ya fi man kaɗanya sauƙi, yana shiga jiki da wuri, ya dace da watannin da basilin ya yi nauyi. Man riɗi ma yana aiki. Man kwakwa yana da kyau a ƙafa da hannu, amma yana toshe ƙofofin gashi a fuskar mai ƙuraje.

Sai mai rufewa, wato basilin. Daga ɗanyen man fetur ake tace shi, kuma tun 1872 wani Ba'amurke, Robert Chesebrough, ya yi rajistar hanyar tace shi. Har yau babu abin da ya fi shi hana ruwa fita daga fata, yana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na nason. A sayi fari tas, wanda aka rufe daga masana'anta, mai lambar NAFDAC. Wanda ake aunawa da cokali a kasuwa, mai launi da turare, ba a san da me aka gauraya shi ba. Maganar da ake yi cewa basilin na baƙanta mutum ba ta da tushe. Rana ke baƙantawa. Laifinsa kawai yana kama ƙura, shi ya sa a fuska ya fi dacewa da dare, kuma ɗan kaɗan, kwatankwacin ƙwayar wake.

Man kwalba na kanti haɗin waɗannan ukun ne da ruwa. In za a saya a juya bayansa, in gilisarin da basilin ko man kaɗanya na cikin sunayen farko, kuma babu alƙawarin haske ko fari a gabansa, ya isa. Kafin a shafa sabon mai a fuska, a gwada shi a cikin dantse kwana uku a gani.

Kowane lokaci da nasa awo. A hunturu, mai kauri, safe da dare. Daga ƙarshen Maris zuwa damina a koma mai sauƙi, a bar ƙirji da baya su sha iska, domin maiƙo mai kauri a kan zufa yana toshe hanyar gumi, daga nan ƙurajen zafi ke fitowa. Jarirai sun fi kowa shan wannan wahala, a mulke su da mai a naɗe su da tawul a cikin zafin Mayu. Maganin ƙurajen zafi shi ne ruwa mai sanyi-sanyi, da tufar auduga sakakkiya, da inuwa.

Shan ruwa yana da muhimmanci, musamman idan azumi ya zagayo cikin hunturu, amma ba ya maye gurbin mai. Mutum na iya shan randa guda ƙafarsa ta ci gaba da fari.

Alwala

Da wuya jagorar da aka rubuta a ƙasashen waje ta faɗi wannan. Muna jiƙa fuska da hannu da ƙafa aƙalla sau biyar a rana, kuma yawancinmu iska muke bari ta busar. A hunturu duk ruwan da ya bushe a kan fata yana tafiya da wani abu daga danshinta. Shi ya sa bayan hannu da dunduniya ke riga ko'ina tsagewa, musamman ga dattawa da masu alwala da ruwan sanyi a harabar masallaci.

Gyaran mai sauƙi ne. A zuba man kaɗanya ko basilin a ƙaramin gwangwani, a sa a aljihu ko kusa da buta. Da an idar da alwala, tun da sauran danshi, a lakaci kaɗan a shafa a bayan hannu da dunduniya da leɓe. Abin da malamai ke gargaɗi a kai shi ne abu mai kauri da zai hana ruwa isa ga fata, don haka a shafa siriri, yadda kafin salla ta gaba ya shige. Leɓe kuma a daina lasarsa. Yawu yana bushewa da sauri, ya bar shi ya fi da tsagewa.

Rana

Baƙar fata ni'ima ce a ƙasa irin tamu. Sinadarin da ke ba ta launi yana tare wani kaso mai yawa na hasken rana mai ƙuna, shi ya sa cutar dajin fata ba ta yawaita a cikinmu kamar yadda take ga Turawa ba. Amma kariyar ba cikakkiya ba ce. Rana ce ke mayar da ƙaramin ƙurji baƙin tabon da zai yi wata shida, ita ce ke ƙara duhun da ke fitowa a kumatun mata masu ciki, ita ce ke kawo tamoji da wuri.

Kariya ta farko ba a kanti take ba. Malfa ce, da lema, da riga mai dogon hannu, da gindin bishiya daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ga wanda aikinsa ya bari. Masuntan tafkin Nguru da na kogin Yobe rana biyu ke dukansu, ta sama da wadda ruwa ke maidowa. Haka manoman rani da ke yini a fadama. Kakanninsu ba su rabu da malfa ba, kuma ina jin takaicin ganin samari sun fara jin kunyarta. Hazo ma kada ya ruɗi kowa, yana rage haske amma ba ya tare duk abin da ke ƙona fata.

Man kariya daga rana yana da lamba a jikinsa. SPF 30 yana tare kimanin kashi 97 cikin 100 na hasken UVB mai ƙuna, SPF 50 kashi 98. Tazarar ba ta kai a ninka kuɗi a kanta ba. A duba kuma a ga an rubuta yana tare UVA. Awon fuska da wuya shi ne a matsa shi a tsawon yatsu biyu, manuniya da na tsakiya. Bayan man shafawa ake sa shi, kuma a sake duk bayan awa biyu in ana cikin rana, ko bayan alwala da zufa mai yawa. Wanda aka yi da sinadarin zinc yakan bar fari-fari a baƙar fata, amma ya fi sauƙi ga fata mai saurin ƙaiƙayi. Zafi yana lalata man kariya daga rana, saboda haka kada a sayi wanda ya yini a kan tebur a rana. Jaririn da bai kai wata shida ba inuwa da tufa ne nasa.

Man kariyar yana da tsada, ba zan ɓoye ba, kuma ba zan ce kowane gida sai ya saya ba. Wanda ya zama masa tilas shi ne mai fama da tabon fuska, da mai amfani da maganin ƙuraje, da wadda ta taɓa yin bilicin, da zabiya. Zabiya ba shi da kariyar da saura ke da ita, kuma dajin fata na kashe da yawa daga cikinsu tun suna matasa. Iyayen yaro zabiya su saba masa da malfa mai faɗi da dogon hannu tun yana rarrafe, kada a tura shi kiwo ko talla da tsakar rana. Duk gyambon da ya yi wata guda a fuskarsa ko kunnensa ko wuyansa bai warke ba, a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa, kada a tsaya shafe-shafe.

Abin da bai kamata ya shiga ɗaki ba

Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa. Ba sai an ba mu adadi ba, muna gani a gidan biki: fuska jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, koren jijiyoyi a dantse.

Abu uku ke aikin. Na farko magungunan kumburi masu ƙarfi, za a ga an rubuta clobetasol ko betamethasone a jikin kwalin. Magani ne na gaske, likita na ba da shi na 'yan kwanaki. In aka mayar da shi man shafawa yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa mai faɗi da ba ta gogewa, da ƙuraje, ya shiga jini ya tayar da sukari da hawan jini. Fatar da ta sirance ba ta riƙe ɗinki da kyau bayan tiyatar haihuwa. Man tub ɗin nan da ake kira mai aiki uku yana ɗauke da irin wannan magani, kuma akwai iyaye mata da ke matsa shi cikin man jariri domin yaro ya yi haske. Don girman Allah a daina. Fatar jariri ta fi ta babba tsotse magani.

Na biyu hydroquinone, wanda bayan dogon amfani ke juyewa ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, mai wuyar magani. Garin neman gira a rasa ido. Na uku sinadarin makuri, wanda sau da yawa ba a ma rubuta shi, in an rubuta a ga mercury ko calomel. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ƙasashe sun amince su kawar da kayan shafa masu ɗauke da shi, amma yana shigowa ta ɓarauniyar hanya. Yana lalata ƙoda da jijiyoyi, yana isa ga ɗan tayi, yana fita a nono, yana mannewa a tawul da zanin gado ya shafi sauran 'yan gida. Mutanen Gashuwa da ƙasar Bade sun san ciwon ƙoda fiye da yadda kowa zai so ya sani, da wuya ka samu unguwar da bai yi wa ɗauki ɗai-ɗai ba. A wurin da ƙoda ke cikin wannan hali, ban ga dalilin da zai sa a sayo mata ƙarin nauyi a kwalba ba.

Haɗin da ake yi a gida a zuba a roba marar suna ya fi haɗari, domin babu mai iya cewa ga abin da ke ciki. Dilka da halawa gadonmu ne daga Barebari da Shuwa, kuma dilka ta asali, ta gari da kurkum da mai da turare, tana goge matacciyar fata ta bar laushi. Sau ɗaya a mako ya isa, a hunturu ma ƙasa da haka. Amma uwar amarya ta tambayi mai gyaran jiki abin da ta zuba. In an ce amarya za ta yi fari cikin mako guda, ba kurkum ke wannan aikin ba.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafa man ƙara haske kada ta yanke a dare ɗaya, domin fatar da ta saba da maganin kumburi takan yi bore, ta yi ja ta yi ƙaiƙayi, har mutum ya koma. Ta je asibiti da kwalaben a hannu, a tsara mata yadda za ta rage a hankali, a auna fitsari da jini. Launinta zai dawo, wani lokaci ya fi na da duhu na 'yan watanni, kuma a nan take buƙatar 'yan'uwa da miji su tsaya mata da baki mai daɗi.

Lemon tsami a fuska sannan a shiga rana yana ƙona fata ya bar tabo. Man goge baki a kan ƙurji ma haka. Kwallin dutse kuma yakan ƙunshi dalma, kada a sa wa jariri.

Ƙuraje da ƙyasbi

Mai ƙurajen fuska na iya ƙara abu na huɗu daga kemis, benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 zuwa 5, ko salicylic acid mai kashi 2. A fara da dare ɗaya a tsallake ɗaya, a ba shi mako shida zuwa takwas, a daina matsa ƙurji. Mai ciki ta tambayi likita kafin ta taɓa kowane maganin ƙuraje. Ƙyasbi kuwa wani naman gwari ne da ke son zufa da maiƙo, shi ya sa yake yaɗuwa da damina. Clotrimazole ko ketoconazole ke kashe shi, kuma farin tabon yakan ɗauki watanni kafin ya koma daidai ko bayan cutar ta mutu. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare kuma ya kama 'yan gida da yawa ƙazuwa ce, duk gidan ake yi wa magani lokaci guda.

Faso

Da dare, bayan an wanke ƙurar yini daga fuska an shafa mai, a ba ƙafa minti goma sha biyar. A jiƙa ta a ruwa mai ɗumi na minti goma, a goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, a ɗauraye, a cika tsagar da basilin ko man kaɗanya tun tana da danshi, a sa safar auduga a kwanta. In kaushin ya yi kauri, a kemis akwai mai mai sinadarin urea, kashi 10 zuwa 25, yana tausasa shi. Reza kada ta kusanci dunduniya. Mai ciwon sukari ko dutsen ma ya yi hankali da shi, ya duba tafin ƙafarsa kullum, ƙaramar tsaga in ta yi ja ko ta fara ruwa ya tafi asibiti a ranar. Takalmi mai rufaffen baya yana hana faso dawowa, silifa kuwa tana barin dunduniya a buɗe ga yashi da iska.

Ƙafafun da suka fi kowanne tsagewa a garuruwan nan na almajirai ne da yaran da ke talla, masu taka sanyin asuba da silifa ko babu, har jini na fita a tsagar. Gidan da almajiri ke zuwa karɓar abinci zai iya ajiye roba guda ta basilin a zaure daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In ya zo da yamma a ba shi ruwan ɗumi a buta ya wanke ƙafa, ya shafa tun ba ta bushe ba, a duba ko akwai tsagar da ta yi ruwa. In akwai tsohuwar safa a haɗa masa da ita.